Abin da Gwaggo Ta So Lalle Ya Rufe

Masu tambayata ko har yanzu Juma'ar nan ce ɗaurin auren, ku yi haƙuri da shirun da na yi muku, ba jan aji ba ne. Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Zuwena, a unguwar Kikwajuni nake a nan tsibirinmu, kuma aikina kiwon 'ya'yan bushiyar teku a tashar bincike da ke bakin ruwa. Wanda zan aura sunansa Simai, mai gyaran injin kwale-kwale. Ni Fundi nake ce masa, wato makaniki, shi kuma yana ce min Malamar Ƙaya. Abin da zan ba ku yau ya faro ne ranar Asabar, ranar da aka sa ni a ɗaki.

Gwaggo Tatu ce ta sa ni, yayar babana, wadda ta riƙe ni tun ina shekara shida da mahaifiyata ta rasu. Baba ya sakar mata komai nawa. Ko launin labulen ɗakinsa kuka tambaye shi, cewa zai yi a tambayi Tatu. Ita ta yanke cewa kwana bakwai zan yi ban ga rana ba, ango bai ga ko ƙafata ba. Da ƙyar na roƙi safiyar Litinin, saboda akwai ƙwai da na bari a tasha, kuma ƙwai ba su san ana biki ba.

Da hantsi Bi Maua mai gyaran amare ta iso da kwanonta na singo. Tun daga zaure ƙamshin ya riga ta shigowa, garin kanumfari da sandal da busasshen yasmin, an kwaɓa da ruwan wardi. Ta shimfiɗa tabarma, ta ɗaura min zanen kanga a ƙirji, ta ce in kwanta. Bi Maua gajeriya ce, amma hannunta na masu kirɓa sakwara ne. Ta murje ni tun daga wuya har diddige tana waƙa ƙasa-ƙasa, ni kuma ina cije leɓe.

Da aka wanke ni ta tsaya tana kallon damtsena.

"Ke wace irin fata ce da ke? Daga taɓawa sai shati, kamar nunanniyar gwanda."

Na duba. Yatsunta huɗu ne kwance a damtsena, jini ya taru a wurin ya yi baƙi-baƙi. Akwai wani a cinya, wani a ƙugu.

Gwaggo ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Fatar 'yan ofis ce, ba ta san turmi ba, ba ta san rana ba. Murza ta da kyau, Maua, kada a ce mun kai musu ɗanya."

Muka yi dariya har da ni.

Ranar Lahadi na tashi na ga ƙwaurina duka biyu sun yi wasu ɗige-ɗige ja, ƙanana kamar an barbaɗa garin barkono. Ba ƙaiƙayi, ba zafi, in ka shafa ba ka jin tudu. Bi Maua tana gani ta washe baki.

"Ya kama. Kanumfarin Pemba ne, sabon ɗauka, zafi gare shi. Shi yake jawo gurɓataccen jini ya fito da shi waje. Amaryar da ba ta yi ɗigo ba ai wasa aka yi mata."

Zan faɗa muku gaskiya ko da za ku yi min dariya: na yarda. Ni da na yi shekara huɗu ina karanta ilimin halittu, na yarda, don haka nake so ya zama. Sati uku ke nan dasashina yana jini in na yi burushi, na ce sabon burushi ne. Matakalar tasha da nake hawa da gudu ta koma sai na huta a tsakiya, na ce zirga-zirgar biki ce. Kowane abu na sama masa uzurinsa, kanumfari kuma ya zo ya haɗe min su wuri ɗaya.

Da rana saƙon Simai ya shigo.

"Malamar Ƙaya, an ce an kulle ki. Kina cin abinci ko Gwaggo ta sa ki azumin kyau?"

"Ana dafa ni da kanumfari kamar shinkafar pilau."

"A bar min ɓangaren ƙanzo."

"Ba ka da kunya, Fundi."

"Na ajiye ta sai Juma'a."

Na kifa wayar ina murmushi, na ja kanga na rufe ƙafafuna.

Litinin da sassafe na zura baƙar abaya, na hau daladala, motar hayarmu, zuwa tasha. Aikina ba shi da wuyar bayani. Ƙwan bushiyar teku in ya samu ɗan'uwansa na namiji sai ya rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, har ya zama ɗan ƙwallo mai rami a ciki. Abin da ya hana ƙwayoyin nan watsewa wani ɗanko ne da ke jikin kowacce, kuma ɗankon ba ya kamawa sai da sinadarin kalsiyam na ruwan teku. In na zuba su a ruwan da na cire wa kalsiyam, a gaban idona za su saki juna, kowacce ta kama gabanta. In na mayar musu da shi da wuri sai su lallaɓo su sake mannewa, su ci gaba da zama halitta. Shekara biyu ina kallon wannan ban gaji ba. Gwaggo tana kiran aikin nawa sakin aure da kome.

Ina sunkuye a kan madubin bincike, na naɗe hannun abaya don kada ya jiƙe, sai shugabata Dakta Nyamizi ta tsaya a kaina. 'Yar Tabora ce, ba ta da yawan magana, kuma ba ta iya kwana-kwana ba.

"Wa ya dake ki?"

"Singo ne, Dakta. Hannun mai gyaran ne da nauyi."

"Ɗaga min ƙafarki."

Na ɗaga abayar kaɗan ina dariyar kunya, na ce kanumfari ne. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki ɗan gilashin da muke ɗora samfur a kai, ta durƙusa, ta danna shi a ƙwaurina, ta ce in leƙa. Fatar da ke ƙarƙashin gilashin ta yi haske saboda dannawa, amma ɗige-ɗigen suna nan jajayensu, ko ɗaya bai dushe ba.

"In abu ya ƙona fata ta yi ja, jinin yana cikin jijiya, in ka danna sai ya gudu," in ji ta. "Wannan bai gudu ba. Me ya sa?"

"Ya riga ya fita daga jijiyar."

"Bangon ƙananan jijiyoyin jini, me ya riƙe ƙwayoyinsa?"

"Ɗanko, dangin wanda nake aiki a kai."

"In 'yar kafa ta buɗe tsakanin ƙwaya da ƙwaya, wa yake toshewa?"

"Ƙwayoyin da ke daskarar da jini."

"In suka yi ƙaranci fa?"

Tambayar jarrabawa ce da na taɓa ci da maki mai kyau, ga amsarta kuma a ƙwaurina. Ta miƙe, ta ɗauki makullin motarta, ta ce in rufe ƙwan nan in biyo ta.

Likitan da ta kai ni wurinsa dattijo ne mai sanyin murya. Ya ja fatar idona ta ƙasa ya ce ta yi fari. Ya juya leɓena, ashe har ciki akwai ɗigon. Ya lalubi wuyana da hammatata, ya juya ni ya gano wasu ƙuraje biyu masu tauri a bayana da ban ma san da su ba. Aka ɗebi jini, wurin allurar ya daɗe bai tsaya ba. Muka zauna a benci awa biyu, Dakta Nyamizi ta sayo min mandazi, irin fankenmu, na riƙe shi a hannu har ya huce.

Da likitan ya kira mu ya ce ƙwayoyin daskarar da jinina sun yi ƙasa sosai, fararen ƙwayoyi kuma sun yi yawa, kuma yawancinsu ba su nuna ba, bai ji daɗin kamanninsu ba.

"Ba zan rantse ba sai an ɗebi ɓargo a babban asibiti a birnin Dar," in ji shi. "Amma abin da nake tsoro sankarar jini ce, irin mai sauri. Jirgin ruwan gobe da safe nake so ki bi. Kada a sake murza ki, kada a zana miki komai a fata, suna bukatar su gan ta yadda take."

Na ce masa aurena Juma'a. Ya cire tabarau ya goge, ya ce ya ji, amma jinin bai ji ba. Na tambaye shi ko ana warkewa, ya ce ana warkewa, ba kowa ba, kuma magani watanni ne. Na tambaye shi haihuwa. Ya ce maganin yana iya taɓa ta, yana iya barinta, ba wanda zai yi min alkawari.

Ban yi kuka a wurin ba. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda yake sa mutum ya dinga lura da abubuwan banza, har yanzu ina tuna cewa agogon bangon ofishin ya tsaya.

Na tarar da Gwaggo a tsakar gida da faifai a cinya tana tsintar shinkafar biki. Na zauna a gabanta na faɗa mata komai, ban rage ba. Hannunta bai daina tsinta ba sai da na kai ƙarshe.

"Likitan ya rantse?"

"Ya ce sai an ɗebi ɓargo."

"To bai rantse ba."

"Gwaggo, ya ce gobe."

"Gobe Talata. Laraba, Alhamis, Juma'a. Kwana uku ne, Zuwena. Ciwon da ya yi sati uku yana jira zai ƙara kwana uku. A ɗaura, ranar Asabar mijinki ya kai ki Dar da kansa."

"Simai fa? Ba za a faɗa masa ba?"

Ta ajiye faifan. Idonta ya kaɗa, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ki saurare ni. Saurayi ƙafarsa a waje take, ko yaushe yana iya juyawa. Miji kuwa ko don kunyar mutane zai tsaya. Kuma ba shi nake tsoro ba, uwarsa nake tsoro. Bi Ashura ɗa ɗaya gare ta. Kin ga kayan da ta aiko, har da kangar goyo guda biyu ta sa a ciki. Kina ganin in ta ji maganar haihuwa za ta bari? Na binne uwarki, ba zan zauna in ga an mayar min da ke kina kwance ba miji ba lafiya ba."

Ta karɓi takardar da likitan ya ba ni ta ninke, ta sa a gwangwanin da take ajiye katin asibitinta na hawan jini. Ba ta san na riga na ɗauke ta a waya ba.

Ku da za ku zage ta a ƙasan wannan rubutu, ku dakata. Matar nan ita ta yi min kitso ranar da na fara makaranta, ita ta sayar da awarwaronta na shiga jami'a. Ba mugunta ce ta sa ta ba, tsoro ne, kuma tsoron nata ya sami ɗan'uwansa a cikina. Ina son Simai. Ba na so in ga bayansa. Shi ya sa ranar Talata jirgin safe ya tashi ina kwance a ɗaki ina jin ƙarar hon ɗinsa daga nesa.

Da hantsi Bi Maua ta dawo, wannan karon da lalle da piko, baƙin da ake fitar da zane da shi. Gwaggo ta ja ta gefe suka yi ƙus-ƙus. Ban san me ta gaya mata ba, amma da ta zauna ta ɗora ƙafata ta hagu a cinyarta, ba ta yi waƙa ba.

Sai ta fara zane, kuma wallahi matar ta iya. Duk inda ɗigo yake sai ta mayar da shi tsakiyar fure, ta kewaye shi da ganye. Inda suka taru da yawa ta yi reshe mai 'ya'ya. Shatin da ke hannuna na hagu ta rufe shi da wani babban fure mai cika. Kafin azahar ƙafata ɗaya da hannuna ɗaya sun zama abin kallo, ko likitan nan sai ya sa tabarau biyu kafin ya gane. Na kalli ƙafar na ji kunya ta rufe ni, don ta yi kyau ƙwarai kuma na ji daɗin hakan.

Wayata ta yi ƙara. Da hannun dama na ɗauka, shi ne ba a taɓa ba. Simai ne ya turo hoton ɗakinmu, ya kafa wani katako a bango kusa da taga.

"Na littattafanki ne. Na auna da wancan ƙaton mai hoton kwaɗo, ya shiga. In bai yi ba ki faɗa, kada ki yi min kara, ni ba na son abin da aka rufe da fenti."

Maganar katako yake yi, na sani. Amma na daɗe ina kallon saƙon.

Na rubuta, "Fundi, ka zo ƙofar baya bayan la'asar."

"Ki rufa min asiri, Gwaggo za ta soya ni."

"Ba za ka gan ni ba. Hannu kawai."

Na ce wa Bi Maua kaina yana juyawa, a bar sauran sai gobe. Ba ta yi musu ba, ta tattara kayanta da sauri kamar dama jira take.

Ƙofar bayanmu ta katako ce, tana fita wani siririn lungu. Bayan la'asar na ji tsayuwar babur ɗinsa, na ji warin fetur da ruwan teku da kullum yake tare da shi. Na buɗe ƙofar daidai faɗin hannu, na tsaya a bayanta, na naɗe hannun rigata har kafaɗa, na miƙa masa hannun dama.

"To, ina lallen? Ko ni aka bar wa in..."

A hannun akwai shatin yatsun Bi Maua, akwai baƙin tabon allura da ya bazu kamar tafin yaro, akwai ɗigon da suka fara hawowa tun daren jiya.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Ba kowa. Jinina ne."

Na faɗa masa kamar yadda nake ba Dakta Nyamizi rahoton aiki, ɗaya bayan ɗaya. Gilashin, likitan, sunan ciwon, ɓargon, Dar. Na tura masa hoton takardar yana tsaye, na ji wayarsa ta yi ƙara a aljihu, bai ciro ta ba.

"Ana gyarawa?" ya tambaya.

"Wasu suna warkewa. Watanni ne a asibiti. Gashina zai zube. Kuma mai yiwuwa ba zan haihu ba, Simai. Wannan ma ka sa a lissafinka."

"Ɗayan hannun fa?"

"An zane shi. An so a zane duka, sai ranar Asabar ka sani."

Na ji ya jingina da bango. Ina iya hango takalminsa ta ƙasan ƙofa, roba ne, ɗaya ya tsinke an ɗaure da waya.

"Ban kira ka don ka tausaya min ba," na ce. "In ka fasa ba zan riƙe ka ba. Zan ji ciwo, ba zan yi maka ƙarya ba, amma ba zan riƙe ka ba."

"Yaushe likitan ya ce ki tafi?"

"Yau da safe."

"Yau da safe. Kina nan ana miki fure." Tun da na san shi ban taɓa jin muryarsa haka ba, ba ta ɗaga ba, amma ta bushe. "Gobe za ki hau jirgin farko ko da Gwaggo za ta kwanta a bakin ƙofa. Zan kawo tikiti da asuba."

"Juma'a fa?"

Sai na ji yatsunsa a wuyan hannuna, a hankali, kamar mai tsoron ya ƙara wani shatin.

"Ni ban fasa ba, Zuwena. Amma abin da aka so a yi min, ba zan yi wa Mama shi ba. Yanzu zan je in faɗa mata duk abin da kika faɗa min, har maganar haihuwar. Ban san me za ta ce ba. Kuma kin san ban taɓa tsallake maganarta ba."

"Na sani."

Ya saki hannun. Na ji tashin babur, na ji ya karya kwana.

Da na juyo Gwaggo tana tsaye a bakin kicin da ludayi a hannu. Ban san tun yaushe take wurin ba. Na jira faɗa, bai zo ba. Ta koma ciki ta sauke tukunyar da ko tafasa ba ta yi ba, ta fito ta zauna a kan tabarma, ni ma na zauna a ɗaya gefen. Piko ya bushe a ƙafata yana ja min fata, yaran maƙwabta suna ta buga ƙwallo a lungu.

Ana gab da kiran magariba wayar Gwaggo ta fara ruri a kan tabarma tsakaninmu. Dukanmu muka ga sunan: Bi Ashura.

Gwaggo ta ɗauka ta riƙe, ba ta danna ba. Ta kalle ni, kuma a shekara ashirin da na yi a hannunta ban taɓa jin ta nemi shawarata ba sai ranar.

"Me zan ce mata?"

Na miƙa hannun da ba a zana ba.

"Ba ni wayar, Gwaggo."